Mudu a Cikin Ɗaki

Wata Asabar da hantsi, a ajin matan aure na Islamiyyar unguwarmu a Kubwa, Malam ya kawo hadisin nan na cikin Sahihu Muslim da ke nuna cewa masallatai ne wuraren da Allah ya fi so a cikin gari, kasuwanni kuma su ya fi ƙi. Aji ya yi tsit. Mun kai mu talatin a zaune, kuma in aka ware biyar ko shida, kowacce akwai abin da take sayarwa a gidanta: mai atamfa da leshi, mai turaren wuta da humra, mai zoɓo da kunun aya, mai ƙanƙara, ni kuma dambun nama da yajin daddawa. Wata dattijuwa a gefena, mai sayar da zannuwan gado, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah gafarta Malam, to mu da muka kwaso kasuwar muka shigo da ita har uwar ɗaka fa?" Wasu suka yi dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin tambayar ta daɗe tana ci mini rai, ban dai samu bakin furta ta ba.

Malam ya amsa a taƙaice. Ya ce abin ƙi a kasuwa shi ne halayen da suka yi yawa a cikinta: rantsuwar ƙarya, algus, tauye mudu, da shagala har lokacin salla ya fita. Ya tuna mana cewa Sayyidina Abubakar ɗan kasuwa ne, kuma Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi hijira zuwa Madina bai karɓi rabin dukiyar da ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayi ba, sai ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Aka shafa fatiha aka tashi. Amsar daidai take, amma kafin in kai gida na ga ta ƙara mini nauyi ne maimakon ta sauke. In hali ne ake ƙi, to katangar gida ba ta tare hali. Mace na iya kwanciya a kan gadonta ƙarfe ɗaya na dare, wayarta a hannu, ta rubuta wa mai saye "wallahi a haka na saro" alhali ta san ba haka ba ne.

A birnin Zariya aka haife ni. Inna ba ta taɓa zama a rumfar kasuwa ba tsawon rayuwarta, amma da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki. Har yau ina jin ƙamshin nan: a soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai niƙa, a dawo a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso ya taru a sama. Tunkuza kuma a mulmula a soya. Kafin rana ta yi zafi yara sun fara sallama daga zaure, "wai an ce a ba da mai na kwalba ɗaya." A bakin Inna na fara lura da yadda Bahaushe ya cuɗa ciniki da addu'a. In an yi tayin da bai yi mata ba, ba ta cewa a'a, sai ta ce, "Je ki ce mata albarka." In ta yarda ta ce, "Na sallama," kalma ɗaya da wadda ake yi a bakin ƙofa kafin a shiga gidan mutane. Kuma ba ta taɓa aunawa ba tare da gyara ba.

Gidanmu ɗaya ne cikin dubbai. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, kuma a 1969 ta wallafa maƙala kan abin da ta kira cinikin ɓoye na ƙasar Hausa. Abin da ta gano shi ne matan da ke cikin kulle suna riƙe da wata kasuwa babba wadda baƙo ba ya gani, hatsi da dafaffen abinci suna yawo daga wannan gida zuwa wancan ba tare da an kafa rumfa ko ɗaya ba. Abin da ya zame mata bincike, mu a cikinsa muka buɗi ido.

Sai dai wannan kasuwa tana da ƙafa, kuma ƙafarta yara mata ne. Ni ce ƙafar Inna. Tun ina shekara bakwai nake ɗaukar faifan ƙuli kafin in tafi makaranta, na sha bulalar latti ba adadi, kuma cikin ƙawayena na talla akwai waɗanda ba su ƙara komawa aji ba. Abin da yarinya ke gani da ji a tasha da bakin gareji, kowa ya san shi, ba sai na faɗa ba. Ba na zargin Inna, Allah ya ji ƙanta, ba ta da wata hanya. Amma duk mai yabon sana'ar gida ta iyayenmu ya manta da 'yar talla, rabin labari ya bayar. Shi ya sa in aka ce in ƙirga amfanin sana'ar gida a yau, na farko a wurina shi ne waya da mai babur ɗin kai saƙo sun sauke wa 'ya'yanmu faifai daga ka. Babbar 'yata ba ta san yadda ake naɗa gammo ba, ƙarfe bakwai da rabi tana cikin aji. Wannan kaɗai ya ishe ni godiya.

Abuja kuwa ba a tsara ta don irin rayuwar Inna ba. Dokar da ta kafa ta ta fito ranar 3 ga Fabrairun 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, aka zana taswirarta a 1979, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamban 1991. Tsarin ya raba komai: nan wurin kwana, can wurin aiki, can kuma wurin ciniki. Gidan Bahaushe na da ba haka yake ba. A zaure malam ke karantarwa, maɗinki ke ɗinki, baduku ke dukanci, a tsakar gida kuma mata ke nasu. Gidan haya na Abuja ba shi da zaure, sau da yawa ba shi da tsakar gida, kuma talla a tsakiyar birni laifi ne da hukumar kula da muhalli ke kama mutum a kansa. Sakamakon wannan rabuwa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Nyanya da Mararraba, ko babban titin Kubwa, da sanyin safiya. Mutane na fita tun kafin gari ya waye, su dawo bayan isha, magariba ta same su cikin cunkoson motoci. Uba ya fita yara na barci, ya dawo suna barci. In uwa ma haka take, to 'yar aiki da talabijin ke renon gidan.

Na yi wannan rayuwa shekara takwas, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a cikin gari. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Abuja saboda annobar korona, makarantu suka tsaya, albashi ya tsaya da su. Da naman kilo uku na fara dambu, na sa hoto a WhatsApp, maƙwabta uku suka saya. Da aka buɗe gari ban koma aji ba. Ban yi kuɗi ba, kuma ba zan yaudari kowa in ce sana'ar gida hanyar arziki ce ta dare ɗaya ba. Amma ba na biyan hayar shago, ba na biyan kuɗin mota kullum, kuma da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin zirga-zirga ya yi tashin gwauron zabo, na ga matan da albashinsu ya koma kuɗin mota kawai. Abin da ya fi waɗannan duka a wurina shi ne lokaci. Ina yin azahar a kan lokacinta, a kan dardumata, ba a tsaye a lungun ofis ina kallon agogo ba. Yara na dawowa su tarar da ni. Da mahaifiyar maigidana ta kwanta jinya wata biyar a wurinmu, ni na yi jinyarta, tukunya na kan wuta, ban nemi izinin kowa ba.

Akwai abin da nake so mai karatu ya duba in takardar naira 20 ta shigo hannunsa. A gaba hoton Murtala ne, wanda ya kafa birnin. A baya kuma Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. 'Yar Kwali ce, a cikin wannan yanki namu, kuma a gida ta koyi sana'ar a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Tukwanenta sun riga sun shiga fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau kafin Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su, kafin ta shiga cibiyarsa ta ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ƙasar nan ta san sana'ar tsakar gida tun kafin a shimfiɗa mata kwalta.

A addini ma ba baƙon abu ba ne. Kowa na kawo Nana Khadija, kuma daidai ne, ita ce mai dukiyar da ta ɗauki Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai mata fatauci Sham. Amma ni wadda ta fi kusa da zuciyata ita ce Nana Zainab 'yar Jahshi. Da hannunta take aiki, tana jima tana ɗinkin fata a ɗakinta, abin da ta samu kuma ta yi sadaka da shi, har aka shaide ta da cewa ta fi sauran matan Annabi yawan kyauta. Ɗakin nan a jikin masallacin Madina yake. In sana'a a cikin ɗaki tana kore albarka, da ba a bar ta a wannan ɗakin ba.

To ina matsalar take? Bari in ba da labarin daren da na gan ta da idona.

Wata Alhamis wata mata a Gwarimpa ta ce in yi mata roba goma, rabin kilo rabin kilo, za ta yi tsaraba. Ta turo kuɗi tun safe. Na wuni a kai, dafawa, dakawa, soyawa. Bayan magariba mai babur ya iso yana ta kira daga bakin get. Na auna tara suka cika. Ta goma na kwashe har ƙasan tukunya, sikeli ya tsaya a giram 460. Nama ya ƙare. Na san babu mai karɓar dambu ya ɗora a sikeli, kuma dambu abu ne da in aka ɗan sassauta shi da cokali sai roba ta cika fal. Hannuna har ya kai kan murfi. 'Yata, lokacin tana shekara tara, tana zaune a ƙasa tana liƙa takardar suna a jikin robobin, ta ɗago ta dubi sikelin ta ce, "Umma, wannan bai kai ba." Ba da wata manufa ta faɗa ba, lamba ta gani ta karanta. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na kira matar na gaya mata, ta ce, "Haba Hajiya, wannan ai ba komai." Na ce a'a, na mayar mata da kuɗin giram arba'in, yarinyar na ji.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. A kasuwa akwai idanu: mai saye na tsaye a kanka, maƙwabcin rumfa na kallo, akwai sarkin kasuwa da shugabannin layi, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gida duk waɗannan babu. Ba mai ganin irin man da na yi suya da shi, ko na wanke hannu, ko naman jiya ne na haɗa da na yau. Shaidu biyu suka rage, Allah da yaran gida. Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi narko a kan masu tauye awo, tana cikin izu na biyu da yaranmu ke haddacewa. Yarinyar da ta biya ta a Islamiyya da yamma ta dawo ta ga uwarta na sassauta dambu da cokali da dare, wanne za ta ɗauka? Uban da ke cin hanci a ofis yana iya dawowa gida da farar riga, 'ya'yansa ba su san komai ba. Mai sana'ar gida ba ta da wannan labule. Ni a ganina nan ne babbar falalar sana'ar gida take, kuma nan ne haɗarinta yake: yara suna ganin yadda ake neman halal da idonsu, daga sarin kaya har ƙirga riba, ko kuma su ga yadda ake cin haram ana kiran sunan Allah.

Haka batun hoto. Yau yawancin cinikinmu na abin da mai saye bai gani ba ne. Ana ɗaukar atamfa a hasken da zai ƙara mata kyau, a ɗauko hoton kayan wata a ce nawa ne, a jera manyan yanka a sama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa wucewa ta wurin mai tarin abinci, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mutumin don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Hoton da aka gyara shi ne busasshen da ke sama. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar wannan tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da ake karantawa a zaurukanmu shekaru aru-aru, akwai hukuncin sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, da sharuɗɗan biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, da hakkin mayar da abu in an sami aibi. Mata nawa ne cikin masu rubuta "ba a dawo da kaya" a shafinsu suka san akwai inda shari'a ba ta yarda da wannan sharaɗi ba?

Sai maganar maza, kuma a nan ba zan sassauta ba. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo daga abin da suka nema kamar yadda ta tabbatar wa maza. Kuɗin sana'ar mace nata ne. Amma na san gidaje a garin nan da, daga ranar da mace ta fara samu, maigida ya janye hannu daga cefane, sannan kuɗin makaranta, sannan ya fara "ara mini jarin nan zuwa ƙarshen wata." Ƙarshen watan ba ya zuwa, jari ya karye, a ce ba ta iya sana'a ba. Matar Abdullahi ɗan Mas'udu mai sana'ar hannu ce, tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, kuma da ta aika aka tambayar mata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Sadaka aka kira shi. Ciyarwa na nan a wuyan miji, abin da mace ta sa kuwa kyautatawa ce da ya kamata a gode mata. Na san zamani ya yi tsanani, albashi ba ya kai wata, kuma mace ta gari ba ta zuba ido gidanta ya kwana da yunwa. A gidanmu abin da muka yi shi ne muka ajiye littafi. In Abban yara ya karɓi kuɗi daga jari, a rubuta, da rana da adadi. Da farko ya ji nauyin abin, sai na tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Littafin nan ne kuma ke nuna mini inda na tsaya in shekara ta zagayo, ko jari da kaya sun kai nisabin zakka ko ba su kai ba. Mata da yawa ba sa wannan lissafi, domin kuɗin sana'a da na cefane a gefen zane ɗaya suke.

Abu na ƙarshe da tambayar dattijuwar nan ta tono mini shi ne hutu. Alƙur'ani ya ambaci gidaje a cikin ni'imomin Allah a matsayin wurin natsuwa. Mai shago yana sa kwaɗo ya tafi gida, waya kuwa ba ta da kwaɗo. Akwai lokacin da na wayi gari ina amsa "nawa ne" a tsakanin sallamar salla da tasbihi, yaro na yi mini magana ina cewa "bari in gama" idona a kan waya. Ina gida, amma yaran ba su same ni ba. Ga kuma hakkin maƙwabta: hayaƙin suya, ƙarar janareta, masu babur da ke buga get ana barcin rana. Matar da ke samanmu ta taɓa saukowa cikin ladabi ta ce yajin da nake dakawa na tayar wa ɗanta asma. Ta fi ni gaskiya. Yanzu a injin bakin kasuwa nake niƙa, waya kuma ina kife ta daga magariba har yara su kwanta, ranar Juma'a ba na ɗora tukunyar sayarwa. Na rasa wasu masu saye, waɗanda suka zauna kuma sun saba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwar Madina. Yau kasuwar tana cikin ɗakunanmu, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Karu zuwa Gwagwalada, kuma masu riƙe da ita mata ne da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya karantar da su babin saye da sayarwa. Shekara shida ina zuwa Islamiyya, mun maimaita tsarki da salla da azumi ba sau ɗaya ba, ba mu taɓa kaiwa babin ciniki ba. Ina roƙon malaman Islamiyyun matan aure na Abuja, da shugabannin da ke tsara musu darasi, su ware ko da rana ɗaya ce a mako su buɗe mana wannan babi: awo, bashi, aibi, sayar da abin da ba a gani ba, da zakkar kayan kasuwa. Mu a ajinmu mun kai wa Malam kokenmu, ya karɓa, kuma bayan Sallah za mu fara.